Aron Mayafin Matar Tela

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar? Ina fata kin daina shafa mata maganin da ake talla a rediyo.

Kin tambayi jikin uwar yara. Ciki ya tsufa, kuma wannan ma tiyata za a yi, ta huɗu ke nan. Tsoro take ji. Ni ma haka, sai dai ina ɓoye nawa a bayan jarida.

Asibitin da take awo ƙofa biyu gare shi: ta safe ta masu benci, ta yamma ta masu kujera da fanka. Mu na yamma ne. Likita zai auna ta, ya yi murmushi, ya tambayi aikina. Zancen tazarar haihuwa bai taɓa fitowa daga bakinsa ba, wai irinmu mun sani. Da na tambaya, ya ce sai an sauka lafiya. Matar telan layinmu kuwa, mai cikin fari, kullum ana yi musu wa'azin allura da roba a benci har ta haddace, alhali ko ɗan fari ba ta gani ba.

Jiya uwar yara ta je bencin don ta ji da kunnenta. Mai gadi ya ga leshi da jaka, ya mayar da ita cikin ladabi, ya ce ta dawo da yamma.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Mai Tabarau

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Uwar yara ta ari koɗaɗɗen mayafin matar tela da silifas ɗinta, ta shige ta ƙofar safe ba wanda ya kalle ta. Da nas ta ji adadin tiyatar, sai ta ja ta gefe. Ta ce wani cikin bayan wannan yana iya fasa mahaifa, kuma ana iya ɗaure ta a cikin aikin nan, amma sai an faɗa kafin a shiga.

Uwar yara ta dawo gida ta zauna a bakin gado ba ta ko cire silifas ɗin ba. Can ta ce tana so a ɗaure, ta tambaye ni ko na yarda. Na yarda. Matsalar ita ce likitan ya yi tafiya, ita kuwa tun safe take dafe da mara.

Naki,
Mai Tabarau

Yaya,

Ina gaishe ki daga barandar asibiti. Ciwon bai jira ranar da aka sa ba. Wani likitan muka samu. Ana tura ta a gado ta riƙe hannun rigarsa ta faɗa masa da bakinta a ɗaure mahaifar. Ya dube ni, na ce maganarta ce.

Mace aka samu. Uwar ta zubar da jini sosai, amma ta buɗe ido ta nemi ruwa. Likitan ya ce mahaifar ta yi siririn da har gashin jaririyar ya hango ta ciki kafin ya yanka. Ya kuma yi mamakin yadda mutane irinmu ba su yi maganar da wuri ba.

Saura Inna. Kin san har yanzu namiji take jira daga gidan nan, kuma kin san kan wa za ta sauke. Ki riga ta zuwa. Idan ta tambaya, ki ce ni ne na gaji.

Ƙaninki,
Mai Tabarau