Yaya, Gayyarka Ta Koma Gayyata

Zuwa ga yayana, marigayi Isuhu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙani ga yayansa, ina fatan makwancinka da sanyi. Na san wasiƙar nan ba za ta same ka ba, masu leƙe ta bayan kafaɗata ne za su karanta. Ba komai. Ni dillalin shanu ne, na saba yi wa mutum ɗaya magana don na gefensa ya ji.

Albishirinka, Yaya, unguwarmu ta ci gaba. An gina mana cibiyar tallafa wa matasa a filin da yara ke buga ƙwallo. Ka ga fenti, ka ga ƙofar ƙarfe, ka ga allo mai rubutun da ake hangowa tun daga titi. Kwaɗon da aka rataya a ƙofar kuwa, duk yawona a kasuwar Maigatari ban taɓa ganin mai girmansa ba. Kuma ana kula da ginin ƙwarai, don tun ranar da aka buɗe shi ba a sake buɗe shi ba, gudun kada ya tsufa.

Har kai ma an karrama ka. An zo zaurenka an kwashe kayan gayya, shebur da diga da baro da manjagara, an shafa wa ƙotocinsu fenti, an jera su an yi hoto, an kulle su a cibiyar. A zaurenka, da ko ƙyaure babu, kullum suna fama da laka. Yanzu sun huta.

Ka tuna yadda kake kiran gayya? Bayan la'asar ka tsaya a ƙofar masallaci, takalminka a hannu, ka ce, "Gobe akwai gayya." Shi ke nan. Wanda ya tambaye ka ta mece ce, sai ka ce, "In ka zo ka gani." Washegari samari su fito da tsofaffin riguna, ko yasar kwata ce, ko katangar maƙabarta, ko ɗakin wata tsohuwa da ya fara yoyo.

Ina tuna shekarar da ka cika akori-kura da mu zuwa wajen Gagarawa, gonar wani dattijo da ciwon ido ya kwantar. Mun tarar ciyawa ta fi geron tsayi. Makaɗi na binmu a baya da ganga, kowa na kunyar a wuce shi a kuyya. Da rana ta take aka kawo kunu a babbar ƙwarya, ludayi ɗaya yana zagawa. Dattijon ya sa aka riƙo hannunsa, ya bi gonar yana shafa gindin gero. 

Sai da na girma na gane ba ciyawa kaɗai kake kallo ba, hannuwanmu kake kallo. Wanda ka ga ya iya kwaɓa ƙasa, ka kai shi wurin magini. Wanda ya gyara tayar baro ba a sa shi ba, ka miƙa shi ga bakanike. Rabin masu sana'ar unguwar nan daga bakin kwata ka tsamo su. Ni kuwa ka daɗe kana dubana, na jingina da shebur ina ba mutane labari, sai ka ce, "Wannan bakinsa ya fi hannunsa ƙarfi, ku kai shi kara." Ga ni nan a kara har yau, tsakanin mai saniya da mai saye.

To, Yaya, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bana kwatar bayan gidanka ta toshe da leda da yashi. Ruwan farko da aka yi bai sami hanya ba, ya kwanta a gindin katangar ɗakin matarka Hajo, yana cin ƙasar a hankali. 'Ya'yanka duk suna gidajen aurensu, ita kaɗai ce a ciki. Na ce ta dawo gidana kafin damina ta wuce. Ta ce ɗakin da ka gina da hannunka ba za ta bar wa kwaɗi ba. Ta ƙara da cewa, "Kai da kake sayar da saniyar da ba taka ba, ka kasa tara yara su yashe kwata?"

Na je neman makullin cibiya. Aka ce yana aljihun sakatare, sakatare kuma yana Dutse wajen bita a kan yadda ake tallafa wa matasa.

Sai na yi abin da na ga kana yi. Bayan la'asar na tsaya a ƙofar masallaci, har takalmin na riƙe a hannu, na ce, "Gobe akwai gayya a ƙofar gidan marigayi Isuhu."

Da safe na fito, Yaya, na ga jama'a har bakin titi. Sai da idona ya kawo ruwa, na ce ashe ba a manta da kai ba. Da na matso sai ƙamshin turare ya tare ni. Kowa ya sha farar shadda da hula, kowa da katin shaida da hoton fasfo a hannu. Har daga Sule Tankarkar wasu suka zo a kan babur. Ashe maganata ta shiga waya, kafin gari ya waye gayya ta zama gayyata: Baba Garba ya gayyaci matasa, za a yi rabon tallafi. Wasu sun ji babura, wasu sun ji injin ban-ruwa. Sadisu, ɗan maƙwabcinka Malam Bala, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, layi ɗaya ne, ko na masu digiri daban?"

Na so in yi fushi, amma da wa? Yaran nan tunda suka yi wayo, duk wanda ya kira su kujera yake ba su, ya ɗauki hotonsu, ya sallame su da alkawari. Ba wanda ya taɓa kiransu don yana bukatar hannunsu. Kalmar da suka sani ita suka ji.

Na hau kan tudun bakin kwata na yi musu bayani, irin bayanin da nake sayar da gurguwar saniya da shi. Bai ci ba. Wasu suka tashi baburansu, wani na cewa tsohon nan ya sa ya yi asarar mai. Sauran suka tsaya cirko-cirko, suna duban kwatar, suna duban shaddarsu.

Sai ga Hajo ta fito, ƙwaryar kunu a ka, tana jan wani abu a ƙasa. Shebur ɗinka ne, Yaya, mai ƙotar da gumin hannunka ya baƙanta. Ashe ranar da aka zo kwasar kaya ta tura shi ƙarƙashin gado. Ta jefa shi gabana, a gaban yaran nan duka, ta ce, "Isuhu bai taɓa kiran gayya yana tsaye kan tudu da babbar riga ba. Dillali, tuɓe."

Na tuɓe. Na shiga, laka har gwiwa, da warin da ba zan kwatanta maka ba, ka san shi. Shebur na farko da na ɗaga bayana ya yi ƙara, yaran suka kwashe da dariya. Sadisu ya ce, "Baba, haka ake riƙewa? Kawo kafin mu yi jana'iza." Ya rataye shaddarsa a reshen darbejiya ya diro. Wani ya bi shi, wani ya ruga gida ya ɗauko bokiti, wani kwanon gini, wani galma. Kafin azahar darbejiyar nan ta yi fari fat da riguna, ludayin Hajo yana zagawa, wasu biyu suna yaɓe gindin katanga. Da ruwan ya ɓalle ya nufi kududdufi, suka yi ihu kamar an ci ƙwallo.

An yi ruwa mai ƙarfi bayan nan. Ɗakin yana nan tsaye, Hajo tana ciki.

Na kalli hannuwansu kamar yadda kake yi. Ɗaya daga masu yaɓen na kai shi wurin magini, ya karɓe shi. Sadisu kuwa, bayan shebur kaɗan sai na gan shi ya jingina yana ba mutane labari, kowa na dariya, aiki na tafiya. Na ce ya same ni a kara ranar Alhamis. Da na faɗa, muryarka na ji a bakina, sai da na juya baya na goge fuska. Na ce musu laka ce ta shigar min ido.

Yaya, na yi kewarka. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa duk ɗakin da ka tsayar a duniya ya zame maka inuwa. Allah Ya ba yaran nan abin yi da mai kiransu da gaskiya. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Ƙaninka,
Garba Dillali, Gumel.

Af, na manta. Sakatare ya dawo daga bita. Ya buɗe kwaɗo, ya fito da shebur mai fenti, ya tsaya a bakin kwatar da muka yashe aka yi masa hoto, ya mayar ya kulle. Kai da kake inda ake sanin gaskiyar lissafi, ladan nan na mai hoto ne ko na mai laka?