Ƙasar Bakin Kududdufi

Sabon Birni,
Gwarzo.

Zuwa ga Yaya Mahbub,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Badi'a da yara. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa zaman Fatakwal ya zama alheri. Mu nan mun gode Allah, gero ya kai gwiwa, iyalina Naja'atu ma ƙafar ta yi sauƙi. Na ba Datti direba wannan takarda ne saboda duk lokacin da ka kira, Inna na gefe ta baza kunne, dole in ce maka komai lafiya. To, ba komai ne lafiya ba.

Ka san yadda ka bar kududdufin bayan gidanmu: leda, kainuwa, ruwan kwata da jinin mahauta, ga sauro ba a magana. Bara masu tsara gari suka zo suka yi awo, suka shafa jan fenti a katangu. Aka faɗaɗa hanyar kasuwa, aka mayar da mahauta bayan gari, aka ce za a yashe kududdufin ya koma ruwa na mutunci. Ni aka ɗora wa shugabancin kwamitin unguwa, ba don na san komai ba, sai don shagon ɗinkina yana kallon ruwan, kuma ban iya cewa a'a ba. Rani guda muka yi muna gayya, har bayana ya daina miƙewa. Motar haƙa ta zo ta kwashe laka, aka jibge ta ta zama doguwar ganuwa ta ɓangaren gidajenmu, domin yanzu duk lambatun sabuwar hanya nan suke zuba. Wallahi Yaya, ruwan ya yi kyau, har tarwaɗa ake gani. Na ɗauka wahala ta ƙare.

Amma ka san mutanenmu, ƙasar kududdufi ba ta da mai ita. Tun kaka da kakanni, bazara na ƙaratowa kowa zai kora jakinsa ya ɗebo ta yaɓe. Ga ta kuwa bana an haƙo, an tara musu a ƙofar gida, tuwo ne an tuƙa an kwashe. Na yi sanarwa a masallaci, mai unguwa ya yi magana, duk wanda na tare sai ya ce mangala ɗaya ce tak, me za ta rage. Malam Hambali da ya fi kowa taya ni faɗa, na wuce na ga zaurensa ya sha sabon yaɓe. Ana nan, ran kasuwa na dawo daga sayen zare a Gwarzo, na tarar da ɗakin Inna yana ta sheƙi. Ta sa an ɗebo mata, kuma daga daidai bayan katangarmu, don nan ya fi kusa. Da na yi magana ta ce da wannan ƙasa Baba ya gina ɗakin, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa neman izinin tela ba. Na juya na koma shago.

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kududdufin ya cika, ya bi ta giɓin da ɗiban ƙasar ya bari a ganuwar ya shigo mana tsakar gida har ƙwauri. Ya janye, mun toshe wurin da buhunan yashi, amma gindin ɗakin Inna ya riga ya sha. Akwai tsaga daga taga har ƙasa, hannuna yana shiga. Magini ya duba ya ce ba zai ga ƙarshen Agusta ba.

Ƙanwarmu Bilki ta share mata ɗaki a Kabo, ta ƙi. Na ce ta dawo sashena na bulo, ta ce ba za ta kwana a ɗakin suruka ba. Jiya ta kira ni, na tarar ta ɗaure kwallayenta da tasoshi da akwatin zannuwa, har da buzun sallar Baba, ta ce in kai wa Bilki kada ɗaki ya danne su. Na ce mata abin da zai danne kwano ai zai danne mutum. Ta ce kwanukan amanar Bilki ce, ita kuwa ta Allah ce. Yanzu ba komai a ɗakin sai tabarma da buta da ita kanta.

Yaya, na gaji. Na yi lallashi, na kawo liman, na yi fushi, duk a banza. Kai ne ɗan fari, ko sunanka ba ta faɗa, ba ta iya haɗa ido da kai balle ta musa maka. A waya za ta iya miƙa mini ta ce ba ta ji. Ka taho da ƙafarka, ka tsaya a bakin ƙofar nan ka ce ta fito. Kada ka jira hutun Salla.

Ka gaida Badi'a, da Mudassir da Amatullahi, Allah ya yi musu albarka. Naja'atu da Bilki suna gaisuwa. Inna ma ta ce in gaida mutanen Fatakwal, in ce musu tana nan lafiya lau. Zan tsaya nan, hadari ya haɗo daga gabas, bari in je in zauna a ƙofar ɗakinta.

Ƙaninka,
Lukuman.