Tuffar da Ta Ƙirga Mini Shekaru

Zuwa ga matata Mohbegim,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da jaririyarmu Zarrina.

Na san a ƙauye ana cewa mutanen ɓoye sun ɗaure ni a kogo. Ba haka ba ne. Tun da na kashe dodon da ke cinye musu awakin dutse, kusa da sarauniyarsu nake zama. Ta roƙe ni in koya wa matasansu harbi, wata uku kacal. Kin san ni da son koyarwa. Suna kirana Ɗan Kwana Kaɗan, ni kuma ina ce musu masu hannun auduga.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Rana ba ta faɗuwa a nan, kuma duk wanda na tambaya kwanana nawa sai ya yi dariya ya miƙo mini madara.

Su za su ajiye wannan wasiƙar a farin dutsen mashigi, inda makiyaya ke wucewa. Ki bar amsa a can.

Mijinki,
Shirdil

Mohbegim tawa,

Ina gaishe ki. Ya jikin Inna?

Amsarki ta iso ta hannunsu, amma rubutun ya fi naki kyau. Yaushe kika daina karkata layi? Kuma babu zancen damina ko girbi a ciki.

Ga kuma bakana. Kin tuna gurbin da hannuna ya ci a jikinsa? Babu shi. Bakan nan sumul yake, kuma ya fi nawa taushi. Na tambayi Nilufar, mai kula da makamai, ta ce wai na cika zargi. Su kayansu ba sa tsufa, shi ya sa ba su san ana kwaikwayon tsufa ba. To me zai sa a sauya wa mutum baka da mai taushi, in ba ƙarfinsa ke raguwa ba?

Ki yi mini abu ɗaya. Ƙwayar tuffar da na binne a bayan gida ranar tafiyata, ki aiko mini da duk abin da ta fitar, ko da ganye ɗaya ne.

Naki,
Shirdil

Mohbegim,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwarki.

Jakar busasshiyar tuffa ta iso, cike taf. Nilufar da kanta ta kawo mini tana murmushi, har ta ɗanɗana. Sun iya gyara wasiƙa, amma ba su san shekara nawa itace ke yi kafin ya yi 'ya'ya ba. Ni na sani. Aƙalla takwas.

Na fuskanci sarauniya. Ba ta musa ba. Ta ce shekara takwas ai ba ta kai a ambata ba, kuma yaran suna sona. Ni ma ina son su, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Na bar musu bakansu. Gobe zan sauko, kuma wannan ni zan miƙa wa makiyayi da hannuna.

Na daina tambayar jikin Inna. Ki faɗa mini a hankali.

Sun iya kwaikwayon baka da rubutu, don haka kada ki yarda da fuska. In mai furfura ya tsaya a ƙofa, ki kama babban yatsansa na dama ki shafa da kanki. In kin ji kantar da jan tsirkiyar baka ya bar mini, ki kira Zarrina ta ga ubanta.

Mijinki,
Shirdil