Sun Cire Baba Daga Karatun Lahadi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya hanya? Mama na gaishe ka.

Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, ba na yin addu'a. Idan an rufe ido a coci, baki kawai nake motsawa. Fushi nake da Allah.

Ka san Baba ne ke karanta waƙoƙin hikima kowace Lahadi tun kafin a haife ni. To, dattawan coci sun cire shi. Da sun ce don bakinsa ya karkace ne, da na haƙura. Amma shugabansu ya zo gida, ya zauna a kujerar Baba, ya ce a rubuce yake cewa gidan mai tsoron Allah ba ya rushewa, saboda haka Baba ya binciki zuciyarsa, akwai abin da ya ɓoye. Gwaggo kuma ta ce littattafan soyayyar da ke ƙarƙashin katifata ne suka jawo mana. Ni!

Baba bai san an cire shi ba. Mama ta ce masa hutu aka ba shi. Kullum da safe yana bakin taga yana gwada karatu, layi ɗaya sai shayinsa ya huce, ni ina goge masa haɓa.

Ƙanwarka,
Auta

Autar Mama,

Na ga takardarki. Aiki da godiya, mota ce dai ke ba ni wahala.

Da farko, ki ce wa Gwaggo in littafin soyayya na shanye jiki, da ita aka fara kwantarwa, don a akwatinta na fara ganin irinsu. A'a, kar ki faɗa, kashe ni za ta yi.

Shugaba rabin karatu ya yi. A cikin waƙoƙin nan akwai labarin mutumin kirki da ya rasa komai, jikinsa ya lalace, abokansa suka kewaye shi suna cewa lallai ya yi zunubi. Ki nemo ki karanta har ƙarshe, ki ga da wa Allah ya yi faɗa. Kuma mutumin bai yi shiru ba, kuka ya yi ta yi wa Allah da ƙarfi. Ba na jin wanda ya daina tsoron Allah zai damu ya yi fushi da shi.

Ba zan samu zuwa ba sai an gama wannan jigilar. Mama ba za ta yi magana ba, kin san ta. Saura ke.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa, amma da kai ma fushi nake. "Saura ke" da sauƙin rubutawa daga cikin mota. Ni da ko sunana aka kira a aji sai murya ta maƙale?

Na karanta labarin mutumin nan. Ya fi duk littattafaina sa ni kuka, kuma babu wanda ya auri kowa.

Shugaba ya dawo jiya, shi da dattawa biyu. Na riga na shirya magana a gaban madubi, mai zafi, irin wadda jaruma ke yi har kowa ya sunkuyar da kai. Da suka shigo sai na kawo ruwa, na durƙusa, na gaishe su, na koma bayan labule. Na tsani kaina.

Shugaba ya sake cewa Baba ya tuba a gabansu, in ya yi za a duba maganar mayar da shi karatu. A nan Baba ya gane. Na ga hannunsa mai lafiya ya damƙe zanin gado. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, su kuma suna duba agogo, kafin ya ce, "Ba zan... yi wa Allah ƙarya... don ku ba."

Suka ce taurin kai ne, suka tafi. Yau da safe bai je bakin taga ba. Ya juya fuska ga bango, ko shayin bai taɓa ba. Yaya, ciwon bai iya yi masa haka ba, sai su.

Tunda bakina ya ƙi, na rubuta wa Fasto. Na ce a bar Baba ya hau ya karanta ko layi biyu ne, ni zan tsaya gefensa in riƙe masa littafin, jama'a su jira shi. Na rubuta abin da shugaba ya faɗa a ɗakinmu, ban rage ba. Mama ta gani, ta ce in yaga, za a ce ba ni da tarbiyya, a kuma daina gaishe mu.

Auta

Yaya,

A gaggauce, an fara kaɗa ƙararrawa. Amsarka ba ta iso ba, kuma ba zan jira ba.

Ban yaga takardar ba. Na so in tura ta ƙarƙashin ƙofar ofishin Fasto in gudu, sai na ga in na yi haka shugaba zai ce bai san wa ya rubuta ba. A hannu zan ba Fasto bayan sujada, a bakin ƙofa, inda shugaba ke tsayawa kusa da shi yana gaisawa da mutane.

Na sa takalmi.

Taka,
Auta