Igiyar da Ta Gaza Taƙi Ɗaya

Tixkokob, watan Yuli

Zuwa ga mijina, tsohona Nicanor,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a gonar tuffa can Kanada. Yaya gajiya, yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau, kaji ma sun fi mu ƙiba.

Albishirinka, an sa ranar auren ’yarmu Noemi da Wilberth, malamin makarantar nan, ƙarshen Oktoba. Na sayo zare fari da ruwan ƙwai zan fara saƙa mata gadon lilo na amarci. Ka san dokar gidanmu tun kakata: da tsawon buɗaɗɗun hannuwan uban amarya ake auna shi, kuma igiyar awon a cikin bakin saƙar take shiga. To ka samu igiya, ka buɗe hannuwanka biyu iyakar buɗuwarsu, ka yanke, ka aiko mini cikin ambulan. Kar ka kuskura ka rubuto mini ƙafa kaza da inci kaza irin na mutanen can.

Surukinka Wilberth ya so ya taimaka, ya zo mini da tef. Ya zauna yana shan kunun masara yana koya mini tarihi. Wai inci faɗin babban yatsa ne, ƙafa kuwa ƙafar mutum ce kawai, yadi kuma an ce daga hancin wani sarkin Ingila ne zuwa ƙarshen yatsansa. Mita ce wai ba ta jikin kowa ba, Faransawa ne suka auna daga ƙurewar arewa zuwa tsakiyar duniya suka raba gida miliyan goma. Na ce, “Ɗana, ashe ku ma da hannun wani tsoho kuke awo. Ni ma ina da sarkina, yana can kan tsani yana tsinkar tuffa.” Ya yi dariya har kunu ya sarƙe shi. Yaron kirki ne, surutu ne kawai ya yi masa yawa.

Taka har kullum,
Herminia

Tixkokob, watan Agusta

Nicanor,

Ina gaishe ka, ina kuma tambayar lafiyarka, wannan karon da gaske nake tambaya.

Igiya ta iso. Na kai ta jikin katakon saƙa inda na yi alama da wuƙa lokacin auren Rosaura, babbar ’yarmu, sai na ga ta gaza taƙi guda cif. Na ja ta, na sake ja, ba ta kai ba. Noemi ta ce, “Mama, wataƙila Baba ya tsufa ne ya motse.” Na ce mata ubanta ba wando ba ne da zai motse a wanki.

Ban tsaya ba sai gidan Chabela, matar abokin aikinka Eusebio. Na ajiye igiyar a cinyarta. Nan take ta fashe da kuka ta faɗa mini komai: tsani ya zame da kai tun watan Mayu, kafaɗar dama ta goce, hannun ba ya miƙewa, ka kuma rantsar da su kada in ji. Duk Lahadi muna magana a wayar shagon Don Chucho, kana ce mini “garau nake, tsohuwa.” Bakinka ya iya, amma hannunka bai iya ƙarya ba.

Na ji haushi, na kuma ji tsoro, tsoron ya fi yawa. Na san lissafinka, so kake ka kai ƙarshen kaka da hannu ɗaya don a yi biki na gani na faɗa. Ba ma so. Noemi ta ce ko da wake da waina za a ciyar da baƙi, ita dai ubanta ya riƙe ta zuwa gaban coci. Ka dawo gida, Nico, tun hannun yana jin magani.

Matarka mai jiran amsa,
Herminia

Tixkokob, watan Satumba

Tsohona abin ƙaunata,

Gaisuwa da murna! Tunda yaran Don Chucho suka rugo da saƙon cewa kana hanya mako mai zuwa, na kasa zama wuri ɗaya. Na yanka talotalo tun lokaci bai yi ba, maƙwabta sun ci sun yi maka addu’a. Wataƙila ma ka riga takardar nan isowa, in haka ne Eusebio ya karanta ya ji kunya.

Gadon lilo ya kammala, da igiyarka na auna shi yadda ta zo. Wilberth ya ciro tef ɗinsa ya ce ya gaza na Rosaura da santimita kusan ashirin. Noemi ta ce masa, “To sai ka naɗe ƙafafunka, Malam, ko ka je Faransa su saƙa maka.” Ta hana a ƙara ko zare ɗaya, wai wannan ne hannun babanta na bana, da shi ya yi mata aiki.

Na yi magana da mai gyaran ƙashi na garin Izamal, da likita ma, duka biyun za ka gani, ban da gardama. In ka sauka a mota za ka gan ni bakin tasha da farar rigata mai furanni. Ka buɗe hannuwan iya inda suka kai, kar ka matsa wa kafaɗar. Taƙin da ya rage ni zan matso in cike shi.

Taka, mai ƙirga kwana,
Herminia