Awa Ɗaya da Rabi

Laraba, bayan sallar isha'i

Yau aka kai Baba makwancinsa. Yaya Habu bai samu jana'iza ba.

Shekara uku ina roƙonsa ya zo Azare ya duba tsohon nan, amsarsa ɗaya ce: "Ke Hadiza, Legas zuwa Kano awa ɗaya da rabi ne a jirgi. Duk ranar da wani abu ya taso, kafin ki sauke tukunya na iso."

Da asuba na kira shi na ce Baba ya cika. Ya samu jirgin hantsi, kuma jirgin bai yi masa ƙarya ba, awa ɗaya da rabi ya sauke shi a Kano. Hanyar mota ce bai taɓa sawa a lissafi ba. Kawu Bukar ya sa aka jira shi har la'asar, sannan ya ce zafi ya yi yawa, a yi wa mamaci gaggawa. Yaya yana Jama'are, gab da isowa Azare, ya bugo waya, lokacin maza sun fara dawowa daga maƙabarta.

Da ya shigo ya durƙusa a ƙofar ɗakin Baba, ya ce, "Hadiza, wallahi na yi sauri."

Na ce masa sannu da hanya, na kawo masa ruwa. Ban gaya masa ba cewa ran Juma'a Baba ya ji ƙarar jirgi a sama, ya tambaye ni ko Habu ne.

Allah Ya yafe mini, ni ma na yi nawa lissafin. Tafiyar nan shekara uku ta ɗauke shi, da awa ɗaya da rabi.