Ƙwayar Zarra da Hanyar Yamai

Litinin, 3 ga Nuwamba

An cire zaren ɗinki yau. Alhamdu lillahi, wurin ya kame. Lokotoro ya ce aikin da sunka yi mini a nono ya yi kyau, amma wuƙa kaɗai ba ta gamawa da ciwon daji. Sai na tafi Yamai a riƙa haska wurin da inji, makonni da yawa. Na ce to. A baki kawai.

Ba ni zuwa. Raƙiya ta Kalfu, wadda munka koyar da yaƙi da jahilci tare, ta tafi, ta komo ƙirjinta baƙi kamar gindin tukunya, ko damina ba ta gani ba. Abin da ido ba ya gani kuma shina ƙona mutum, ba ni kwanciya ƙarƙashinshi.

Ɗiyata Haula ta yi kuka bayan ɗaki. Tana tsammanin ban ji ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Attaher ya zo da la'asar, kai tsaye daga lise, makarantar da shike koyarwa, allin bai ma fita daga hannunshi ba. Na san Haula ce ta kira shi. Na shirya jin wa'azi, don ƙanen nan nawa tun shina ƙarami bai iya barin magana ta kwana. Bai ce komai kan Yamai ba. Ya zauna kan turmi, ya cinye sauran shinkafa da wake, ya ce ɗalibanshi na fizik sun gajiyar da shi, yau sunka fara darasin atom, rabin aji na barci.

Na ce mi ne ne atom kuma? Ya ce, “Zarra, Yaya. Ƙwayar zarra.”

Ya tashi daga turmin, ya jefa guntun kanwa ciki ya daka. Ya ce in ana ta dakawa, ana ta rabawa, akwai inda za a tsaya, ko ba iyaka? Wani Bagirke, Dimokirit, tun kafin Annabi Isa, ya ce dole a kai ga ɗan abin da ba ya rabuwa. Ba ya da abin awo ko guda, tunani kawai. Manyan zamaninshi sunka ƙi yarda, magana ta kwanta shekaru aru-aru.

Sai na tuna Baba, Allah ya jiƙan shi, a zaure shina karantar da tauhidi, shina maimaita jauhari, abin da ba ya rabuwa. Na faɗa ma Attaher. Ya yi tsalle kamar an ba shi rago. Wai malaman Basra da Bagadaza ma sun yi ta gardama a kai. Shi bai tuna Baba na faɗin haka ba, ƙarami ne lokacin.

Ya ɓata mini kanwa. Amma na yi dariya, ɗinkin ya ja.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na iya ɗaga hannu har na ɗaura kallabi da kaina. Na gode Allah.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Attaher ya sake zuwa. Yau wani Bature ne, Dalton, shi ma mushen lakkwal, malamin makaranta ke nan, talaka, bai yi aure ba (na ce to, ka ga ɗan'uwanka). Shi ya fara auna abubuwa, ya gane kowane iri na da zarrarshi da nauyinta: ta ƙarfe daban, ta zinariya daban, kuma in za su haɗu da lissafi suke haɗuwa, kamar mai girki da ta san mudunta. Wai idonshi bai rarrabe ja da kore. Mutum bai ganin launin rigarshi, amma ya gano abin da ba wanda ya taɓa gani!

Maƙwabciyata Jummai ta aiko da kwaɗon zogale. Kullum sai ta aiko da wani abu, ta laɓe a bakin ƙofa ta ce, “Ba komai, Hajiya Kaltumi, kamar an yi an gama.” Allah ya saka mata.

Talata, 11 ga Nuwamba

Ashe zarrar tana rabuwa. Wani Tomson ya samo ƙananan abubuwa cikinta, elektoron, ya ce a warwatse suke kamar gyaɗa cikin alewa. Na ce to Dalton ya yi ƙarya ke nan. Attaher ya ce a'a, iyakar inda fitilarshi ta haska ya faɗa.

Na lura tun azahar nike sauraren ƙarar motonshi, ɗan babur ɗin nan nashi.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Wannan na yau ya tsaya mini a rai, bari in rubuta kafin in manta.

Ɗalibin Tomson ɗin ne, Razafod, ya rushe zancen malaminshi. Shi da mutanenshi sunka samu zinariya da anka buga ta yi siriri fiye da ɓawon albasa, sunka riƙa harba mata wasu ƙwayoyi masu gudu, suna zaune cikin ɗaki mai duhu suna duban inda suke faɗawa. Kusan duka sunka wuce fit, kamar ba komai a gabansu. Amma jefi-jefi sai guda ta komo baya. Attaher ya ce kamar ki jefi yanar gizo da dutse, dutsen ya dawo ya same ki a goshi. Da wani ne sai shi ce kuskure ne, shi share. Shi kuwa ya zauna da abin har ya gane: nauyin duka na dunƙule a tsakiya, sauran fili ne.

Na ce fili kamar yaya? Ya ce in an aje tsabar gero a tsakiyar filin kokowa na nan Tawa, ita ce cibiyar, elektoron kuwa suna can wajen 'yan kallo na baya. Tsakani ba komai.

Bayan ya tafi na zauna ina duban tafin hannuna. Da turmi, da bango, da ni, duk yawancinmu fili. Kuma ga mu tsaye. Na yi ta tasbihi ban ma san na fara ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Lokotoro ya kira Haula, wai an ba ni wuri a Yamai farkon wata mai zuwa. Na ce ta ce mishi mun ji.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Ranar kasuwa, gari ya cika. Haula na tsintar shinkafa ta ce, “Inna, Kawu ya tsallake miki mace. Akwai mace a labarin, mun yi ta a lakkwal.”

Da ya zo na tare shi da ita. Ya harari Haula. Sannan ya faɗa: Mari Kuri, baƙuwa a Faransa, ita da mijinta cikin wata rumfa mai yoyo, tana dafa baƙin dutse a manyan tukwane, tana motsawa da sandan ƙarfe kamar mai tuƙa tuwon biki, shekara da shekaru, har ta fitar da ɗan wani abu da ke haske da kanshi. Ita ta gane daga cikin zarrar kanta hasken ke fitowa. Kuma tun zamaninta anka fara kashe ƙari da shi. Ya ce injin Yamai jikan wannan aikin ne.

Na ce mi ya kashe ta?

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, “Shi ne, Yaya. Hasken ya lalata mata jini. Da hannu take ɗaukar shi, a aljihu take sa shi. Ba su san iyakarshi ba lokacin.”

Na ce ashe duk zuwan nan dabara ce, ana jan tsohuwa da labari kamar akuya da dusa. Na ce shi tashi shi ba ni wuri. Ya tashi. Bai ko tada moton ba, turawa ya yi har bakin titi.

Talata, 18 ga Nuwamba

Ba kowa da la'asar.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Jummai ta zo da fura, ta ce ba komai. Surukar Haula ta kira daga Barmu, ta ce ba komai. Matan ajina sun zo gaisuwa, su ma ba komai. Duk ƙauna ce, na sani, kuma na gode. Sai dai tun da ciwon nan ya fara mutum guda ne na yi ma tambaya mai wuya ya ba ni amsa mai wuya. Da ya ce tsufa ya kashe Mari Kuri, da ban taɓa sani ba.

Ni na goya shi. Na san yadda ƙarya ke mishi nauyi a baki.

Na ce ma Haula in ta ga kawunta ta ce akwai sauran tuwo.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Ya zo bayan masallaci, da lemu a leda. Ba wanda ya tada zancen Lahadi. Ni na ce, to, bayan ta mutu sai anka yi yaya?

Ya ce tun kafin nan ma an fara koyon awo, don ba ita kaɗai ya cutar ba. Mutane da yawa sun ƙone, likitoci ma a cikinsu, kafin a san nawa ne magani, nawa ne guba. Yanzu ana lissafa ma kowa rabonshi, a raba shi kaɗan-kaɗan, a saita shi kan wurin ciwon, a kare sauran jiki. Ma'aikatan ma suna rataye da ɗan abin da ke auna abin da ya taɓa su. Ya ce, “Fata kan yi duhu, za ki gaji ƙwarai. Wannan ba ni ɓoye miki.”

Na ce Raƙiya fa? Ya ce bai sani ba, shi ba lokotoro ba ne, kuma bai ga ciwonta ba. In tambayi wanda ya sani.

Mutanen nan. Ba su san Tawa ba, ba su san akwai wata Kaltumi da za ta zo ba. Wannan ya yi tunani, wancan ya auna, wata ta tuƙa tukunya har ta ba da jininta. Ban san yadda ake gode ma irinsu ba. Na dai ji nauyinsu.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Na tafi gidan likita wankin ciwo. Na tsare lokotoro da tambayoyi har masu jira sunka fara tari. Ya ce nawa an kama shi da wuri, ba duk mai zuwa Yamai ke zuwa da wuri ba. Da na tambaye shi ko daga cibiyar zarra hasken injinsu ke fitowa, ya aje alƙalami ya dube ni. “Hajiya, wa ke koya miki?” Na ce ƙanena ne. Na ji daɗin faɗin haka fiye da yadda ya kamata.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Da safe na kai ma Jummai tumakina biyu. Garkenta ya fi nawa inuwa, shi ke nan. Na kuma nuna ma Nusaiba, mataimakiyata, inda ajin mata ya tsaya, ai ya kamata ta fara koyon riƙe su.

Attaher ya fara wani sabo, Bor, wai elektoron tsalle suke daga mataki zuwa mataki ba su bin tsakani. Ban gane ba sam. Ya ce shi ma da ƙyar, kuma akwai mutane da yawa a gaba, labarin bai ƙare ba har yau.

Da zai tafi na raka shi zaure. Na ce in mutum na Yamai, waya na shiga sosai da la'asar? Ya ce tana shiga. Ya duƙa shina gyaran wani abu a jikin moton da ban ga ya lalace ba, ya daɗe bai ɗago ba.

Ban ce komai ba fa. Tambaya kawai na yi.